Fim da Tsabarsa: Tarihin Hoto Daga Fort-Lamy Zuwa N'Djamena

Wanda ya saba shiga gidajen mutane a N'Djamena, ko a Garwa, ko a Jos, in ya ɗaga kai ya dubi hotunan da ke rataye a bango, zai ga wani abin mamaki. Hoton kaka, wanda aka ɗauka baƙi da fari tun kafin a sami mulkin kai, sau da yawa yana nan garau. Ana ganin zanen da ke kumatunsa, ana ganin aikin allura a wuyan rigarsa, har ƙwayar idonsa tana ƙyalli. Kusa da shi kuwa ga hoton ɗansa, mai launi, wanda aka ɗauka bayan shekara 30, amma ya koɗe ya koma ja-ja, fuska ta yi dishi-dishi kamar ana hangen mutum ta cikin hazo. Bisa ga tunanin mutum, abin da ya zo daga baya shi ya kamata ya fi kyau. To, me ya faru? Waɗansu sukan ce masu hoto na dā sun fi na baya gwaninta. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, amma babban dalili yana cikin abu biyu, wato faɗin fim ɗin da aka yi aiki da shi, da kuma irin tsabar da ke jikinsa. Tarihin abubuwan nan biyu za mu bi a nan.

Abin da ake kira tsaba

Fim wata leda ce da ake gani ta cikinta, wadda aka shafa wa danƙo a gefe ɗaya. Danƙon nan daga ƙashi da fatar dabbobi ake dafo shi. A cikinsa aka barbaɗa ƙwayoyin gishirin azurfa, dubbai bisa dubbai, ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinsu, gama silin gashin kai ya fi manyansu kauri ninki da yawa. Sa'ad da aka buɗe idon kyamara haske ya shiga, ƙwayar da hasken ya taɓa takan ɗauki wata alama wadda ba a gani. Sai an kai fim ɗakin duhu an tsoma shi cikin ruwan magani, sa'an nan kowace ƙwaya mai alama ta rikiɗe ta zama baƙar azurfa. Waɗanda haske bai taɓa ba kuwa, magani na biyu ya narkar da su su fita. Abin da ya rage shi ne nagatif, inda farar riga ta zama baƙa, baƙin gashi ya zama fari. Masu hoto na garin nan da sunansa na Faransanci suke kiransa, kilishe. Kada mai karatu na Kano ya ɗauka kilishi muke nufi.

Ƙwayoyin azurfan nan ba sa zama a jere kamar shuka a kunya. Curewa suke yi, wuri ya cika, wuri ya bar rata. Sa'ad da aka haska fitila ta cikin nagatif domin a buga babban hoto a takarda, haske yakan bi ta ratar nan, sai a ga kamar an watsa rairayi a goshin mutum da kumatunsa. Wannan shi muke kira tsaba.

Bari mu kwatanta da abin da kowa ya sani. A ce an ba mutum faifai, aka ce ya zana fuskar mahaifinsa a kai ta wurin jera ƙwayar hatsi. In masara aka ba shi, zai fid da kai da wuya, amma ido ba zai fito ba, gama ƙwaya ɗaya ta rufe wurin idon duka. In gero aka ba shi, ido zai fito. In acca ce, har gira za a gani. Yanzu a ɗauke faifan a shimfiɗa masa babbar tabarma. Ko da masarar ce, zai iya fid da ido da gira, domin fili ya yalwata. Ƙwayar hatsi ita ce tsaba, faifai da tabarma kuwa su ne faɗin fim.

Mai karatu zai ce, to don me ba a yi dukan fim da ƙwaya mai laushi ba? Dalili shi ne, babbar ƙwaya ta fi tare haske, kamar yadda babban kwano ya fi ƙarami tarar ruwan sama. Ɗigon haske kaɗan ya isa ya sa wa ƙwaya alama, ita kuwa in ta sami alama, dukanta za ta baƙanta. Saboda haka fim mai manyan ƙwayoyi yana ɗaukar hoto da sauri ko a inuwa, mai ƙanana kuwa sai an ba shi haske sosai, ko kuwa a ce wa mutum ya tsaya cak. Lambar da ake bugawa a kwalin fim, wadda dā ake rubuta ASA a gabanta, daga baya ISO, ita ke faɗar wannan. Mai lamba 400 rubu'in hasken da mai lamba 100 ke bukata ya ishe shi, amma tsabarsa ta fi fitowa. Ba a samun biyu, sauri da laushi, sai an rage ɗaya.

Zamanin farantin gilashi

Ran 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza yaƙi a Kusseri, a ƙetaren kogi, tsakanin Faransawa da Rabe. Rabe ya mutu a ranar, haka kuma shugaban sojan Faransa, Lamy. A watan Mayu na shekarar Émile Gentil ya kafa sansani a wannan gaɓa, ya sa masa suna Fort-Lamy, sunan da garin ya riƙe har 1973. Akwai kyamara a cikin kayan Faransawan, gama an ɗauki hoton kan Rabe, wani soja yana riƙe da shi a tsire. Hoto ne marar daɗin gani, amma ya nuna cewa kyamara da bindiga tare suka iso bakin Shari.

A wancan zamani yawancin masu hoto da farantin gilashi suke aiki. Tun 1871 wani likita Bature a Ingila, Richard Maddox, ya nuna yadda za a shafa danƙon azurfa a gilashi ya bushe, a ajiye shi har ranar bukata. Faransawa sun saba da faranti mai santimita 9 da 12, da mai 13 da 18. Kaya ne mai nauyi, mai saurin fashewa, 'yan dako ne kuma ke ɗaukarsa a ka. Amma dubi filin da ke jikinsa. Ba a faɗaɗa irin wannan hoto. Ɗora gilashin ake yi a kan takardar hoto, fuska da fuska, a haska, hoton ya fito daidai girman gilashin. Tun da ba a faɗaɗa kome ba, tsaba ma ba ta faɗaɗa ba, ta zauna a ƙanƙantarta inda ido ba ya kai wa. Shi ya sa tsofaffin katunan gidan waya masu hoton kasuwanni da sarakuna na farkon mulkin Turawa suke da tsabta haka.

A ƙarshen 1924 motocin kamfanin Citroën da suka taso daga Aljeriya suka ratso hamada, suka bi ta Yamai da Damagaram, suka iso Fort-Lamy, da masu ɗaukar sinima a cikinsu. A farkon 1926 marubucin nan André Gide ya iso tare da Marc Allégret, wanda ya ɗauki hotuna da sinima a tafiyar. Fim ɗin sinima siriri ne, faɗinsa milimita 35 kawai. A lokacin manyan masu hoto ba su ɗauke shi abin da ya isa a yi hoton takarda da shi ba. Za mu komo kansa.

Masu shagon hoto

Hoto ya shiga hannun 'yan ƙasa ta ƙofar takardu. Hukuma ta soma neman hoto a jikin katin shaida da takardun tafiya, Fort-Lamy kuwa zango ce a kan hanyar alhazai masu tafiya ta ƙasa daga Kano da Barno, su bi ta Abeshe zuwa Sudan. A garuruwa da yawa na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya aka sami masu hoto na akwati, waɗanda kan kafa akwatin katako mai ƙafa uku a gindin itace kusa da ofis. Ba su da fim sam. Takardar hoto suke sawa a madadinsa, su zura hannu cikin akwatin su wanke ta a ciki, sa'an nan su sāke ɗaukar hoton takardar domin baƙi ya koma fari. Aiki ne mai araha, mutum yana tsaye zai karɓa, amma ɗauka ta biyu takan ci kaifin hoton.

Wanda ya fi nuna abin da babban nagatif ke iya yi shi ne Seydou Keïta na Bamako. Ya buɗe shagonsa a 1948, yana aiki da kyamara mai santimita 13 da 18, galibi da hasken rana a tsakar gida, da zane a rataye a bayan mutum. Sau ɗaya yakan ɗauki kowane mutum domin tsimin kaya, ya buga hoton daidai girman nagatif. Babban nagatif yana da wata fa'ida kuma, wato ana iya bin sa da fensir mai tsini a gyara tabo a fuska, abin da ba ya yiwuwa a kan ƙaramin fim. A 1962 gwamnatin Mali ta ɗauke shi aiki, daga baya shagon ya rufe, amma ya adana nagatif ɗinsa dubbai. A farkon shekarun 1990 wani Bafaranse, André Magnin, ya neme shi a Bamako, a 1994 kuma aka nuna hotunansa a Faris. Daga nagatif ɗin nan aka riƙa buga hotuna masu tsawon fiye da mita ɗaya, duk da haka ana iya bin zanen atamfa da ido, a ƙirga duwatsun wuya ɗaya-ɗaya. Matan Bamako da suka zauna gabansa ba su taɓa ganin kansu da wannan girma ba, amma duk abin yana cikin nagatif tun ranar da aka ɗauka.

Tsakanin babban faranti da siririn fim akwai matsakaici, shi ne fim mai lamba 120, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1901 domin kyamararsa Brownie. Nadi ne mai faɗin santimita 6, da takarda a bayansa. Nadi ɗaya yana ba da hoto 8 masu santimita 6 da 9, ko 12 masu 6 da 6. A 1929 Jamusawa suka ƙera Rolleiflex, mai ido biyu, wadda ake riƙewa a ciki a leƙa ta sama, daga baya kuma Yashica ta Japan ta zo da irinta a kuɗi mai sauƙi. Daga shekarun 1950 zuwa na 1970 wannan shi ne abin aikin masu shagon hoto a ƙasashenmu. Da shi Malick Sidibé ya yi aiki a shagonsa na Bamako, da Philippe Koudjina a Yamai, da J. D. 'Okhai Ojeikere wanda ya ɗauki hotunan kitson matan Nijeriya tun daga 1968, inda ake ganin kowace tsaga da kowane zaren da aka naɗe gashi. A ganina wannan fim shi ya fi dacewa da mu. Yana da filin da ya isa, mutum ɗaya kuma yana iya rataya kyamarar ya hau keke ya tafi ƙauye.

Siririn fim

Wani ma'aikacin kamfanin Leitz a garin Wetzlar na Jamus, Oskar Barnack, shi ya yi tunanin sa fim ɗin sinima a ƙaramar kyamara. Hoton sinima guda milimita 18 ne da 24. Sai ya haɗa wurin biyu ya zama 24 da 36, da nufin a ɗauka ƙarami, a faɗaɗa daga baya a ɗakin duhu. A 1925 aka soma sayar da kyamarar da sunan Leica. A 1934 Kodak ya sa fim ɗin cikin ɗan gwangwanin da kowa ya sani, wanda ake iya sawa a kyamara da rana tsaka. Hoto 36 a nadi ɗaya.

Ga 'yan jarida wannan babbar kyauta ce. Sa'ad da Gilles Caron da Raymond Depardon suka shiga Tibesti a 1970 wurin 'yan tawaye, da Marie-Laure de Decker bayansu, ba wanda zai iya bin mayaƙa cikin duwatsu da akwatin gilashi. Fim mai sauri irin Tri-X, wanda ya fito a nadi a 1954, shi 'yan jarida suka fi so, sun kuwa yarda da tsabarsa, gama gara hoto mai rairayi da a ce ba a ɗauka ba. Har aka kai mutanen Turai suna ganin tsaba alamar gaskiyar hoto ce, waɗansu suna nemanta da gangan. Mai zuwa shago da sabuwar riga domin ya aika wa danginsa hoto ba abin da yake nema ke nan ba.

Bari mu yi ɗan lissafi, domin a nan maganar take. Filin siririn fim, 24 sau 36, ya kama murabba'in milimita 864. Na 6 da 6, wanda ainihinsa milimita 56 ne kowane gefe, ya kama 3,136, wato ya ninka na farin sau 3 da rabi da ɗoriya. Na 13 da 18 ya kama 23,400, ninki 27 ke nan. Mu da muke hidima a ikkilisiya mun san hoton da ake ɗauka ran baftisma ko ran taron zumuntar mata, inda mutum 60 za su jeru sahu 4 a ƙofar majami'a, 15 a kowane sahu. In da siririn fim aka ɗauka, mutum 15 za su raba milimita 36, kowa ya sami 2 da 'yan kai daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Fuska kuwa sulusin wannan ce, ba ta kai milimita 1 ba, ba ta kai ƙwayar gero ba. A cikin wannan ɗan wuri ake so ido biyu da hanci da baki su shiga. In da 6 da 9 aka ɗauka, fuskar ta kusa milimita 2. In da 13 da 18 ne, ta kai 4, kamar ƙwayar dawa. Sa'an nan a tuna, domin a sami hoto mai santimita 20 da 30 daga siririn fim, sai an faɗaɗa shi fiye da sau 8, tsabarsa ma ta faɗaɗa sau 8. Shi ya sa yaro zai sa yatsa a kan hoton taro ya ce ga mahaifiyarsa, amma ta wurin ɗankwali ya gane ta.

Zafi da ƙura

Waɗanda suka haɗa magungunan wanke fim baƙi da fari sun tsara su domin ruwa mai sanyin digiri 20. A N'Djamena kuwa, a watan Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, ruwan famfo ma yakan fito da ɗumi. Magani mai ɗumi yana aiki da gaggawa, in ba a rage lokaci ba nagatif ya yi duhu fiye da kima, tsaba ta yi kauri. Danƙon kuma yakan kumbura ya yi laushi, ɗan farce ya isa ya kwarzane shi. In aka fid da fim daga ruwa mai ɗumi aka tsoma a mai sanyi ƙwarai, sai danƙon ya tattare ya yi tsage-tsage kamar ƙasar fadama da ta bushe, ba kuwa gyara. Domin haka masu hoto a ƙasashen zafi suka koyi yin wanki da dare ko da asuba, da sanyaya magani da ƙanƙara ko ruwan randa, da ƙara maganin da ke taurara danƙo. Ko fim ɗin da ba a ɗauka ba zafi yana cinsa. Ba a yin fim a Cadi. Kowane kwali sai ya yi doguwar tafiya a mota daga Duwala ko ta Nijeriya, sa'an nan ya zauna a kanti a ƙarƙashin kwano. Kafin ya shiga kyamara ya riga ya soma yin hazo, mai lamba 400 kuwa ya fi mai 100 saurin lalacewa.

Sai ƙura. Kwarin Bodele, arewa maso gabas da Tafkin Cadi, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, masana kuma suna lissafta shi wurin da ya fi ko'ina a duniya tā da ƙura. Da hunturu ƙurar nan tana shiga ko'ina. Ƙwayarta ɗaya in ta manne a fim mai jiƙe, takan tare haske, ta fito fari fat a hoto. A kan babban nagatif wanda ba a faɗaɗa ba, da ƙyar a lura da ita. A kan siririn fim, an faɗaɗa ta sau 8, ga ta nan a kan hancin amarya.

Akwai kuma wahalar farar riga da baƙar fata a tsakar rana. In mai hoto ya auna haske bisa ga riga, fuska ba ta sami abin da ya ishe ta ba, wurinta a nagatif ya zama fayau ba kome. In aka matsa a wurin bugawa domin a fid da ita, tsaba ce za ta fito maimakon fuska. Tsofaffin masu shago sun san wannan, shi ya sa suke sa mutum a inuwa mai haske, ko su ce ya zo da safe.

Zuwan launi

Fim mai launi yana da shafi uku na danƙo, ɗaya bisa ɗaya, kowane da nasa launi. A wurin wanki, kowace ƙwayar azurfa takan haifar da ɗan gajimaren rini kewaye da ita, sa'an nan a wanke azurfar duka a fitar. Abin da ya rage a fim da takarda rini ne kawai. Azurfa ƙarfe ce, in an wanke hoto da kyau tana shekara 100. Rini kuwa kowace mace ta san halinsa. Haske yana cinsa, zafi yana cinsa ko a cikin akwati, launukan uku kuma ba sa koɗewa tare. A takardun wancan zamani shuɗi-shuɗin yakan riga sauran tafiya, shi ya sa hoton ke komawa ja.

A 1972 Kodak ya fito da hanyar wanki da ake kira C-41, wadda ke bukatar ɗumin digiri 37.8 daidai, ba a yarda ya kauce ko da rabin digiri ba. Wannan aikin inji ne, ya fi ƙarfin mai kwano uku a ɗakin duhu. A shekarun 1980 injunan wanke hoto mai launi suka bazu a biranen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da siririn fim kuma suka fi aiki. Nan sana'ar ta juya. Mai shago wanda dā shi ke ɗauka, shi ke wankewa, shi ke bugawa, ya zama mai kai fim wurin inji kamar kowa. Samari suka sayi ƙananan kyamarori suna bin biki da suna, su ɗauka, su ruga wurin inji, su komo su sayar kafin taro ya watse. Hoto ya yi araha, talaka ya samu, wannan kuwa alheri ne da ba za a raina ba. Amma injin yana buga dubbai a yini, ba ya duban fuskar kowa. Shekaru da yawa katin da Kodak ke aika wa masu wanki domin daidaita launi hoton Baturiya ne, sai a shekarun 1990 aka sa baƙar mace a ciki. In kuma mai inji ya yi tsimin magani bai sabunta shi a kan kari ba, hoton ba zai daɗe ba.

Kamfanoni ba su tsaya nan ba wajen rage fili. A 1972 aka kawo fim mai lamba 110 domin kyamarar aljihu, milimita 13 da 17, kimanin rubu'in siririn fim. A 1982 Kodak ya kawo wani mai kamar faifai, hoto 15 a kewaye, kowane kimanin kashi 1 cikin 10 na siririn fim. Ko a Amurka mutane sun ƙi shi saboda tsaba, a 1988 aka daina ƙera kyamararsa. A wajen ƙwaya dai an ci gaba, gama a 1982 aka soma yin ƙwayoyi shimfiɗaɗɗu kamar ɓawon kifi, masu tare haske da yawa ba tare da kauri ba, har fim mai lamba 400 na shekarun 1990 ya fi na dā laushi nesa. Sai dai a watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada, mai hoto kuwa ya koma neman fim mafi araha, ko da kwanansa ya wuce.

Abin da ya saura

A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamara marar fim. Abin da ya haɗa shi ya ci kasuwar kamfaninsa, har a watan Janairu 2012 Kodak ya kai kansa kotu saboda bashi. Ana yin fim har yanzu, amma a garuruwanmu waya ce kyamara. Dokar faifai da tabarma dai ba ta mutu ba. Abin da ke tare haske a cikin waya bai fi farce girma ba, da dare kuma yana fid da tasa irin tsaba, sai wayar ta shafe ta da dabara, fuska ta fito sumul kamar ta roba. In aka tura hoton ta WhatsApp, a kan matse shi a rage nauyinsa, wanda ya kai shi a buga babba sai ya tarar ya farfashe.

Takardar hoto ba ta riƙe kome sai kaɗan daga abin da ke cikin nagatif. Wannan yakan bayyana ran makoki, sa'ad da dangi suka rasa hoton mamaci sai na katin shaida mai santimita 4, suka kai a faɗaɗa shi zuwa 30 domin a sa a gaban akwati. An ninka shi fiye da sau 7, abin da babu a ciki kuwa ba ya fitowa. Da nagatif ɗin yana nan, ko na 6 da 6 ne, da an sami fuskar sarai. Amma a garin nan nagatif ya sha wuya. Yaƙin Fabrairu 1979, da na 1980 wanda ya ci wata tara, sun kori jama'a da yawa zuwa Kusseri, mai gudu da yara kuwa ba ya tsayawa ɗaukar kwalin fim. Ambaliyar 2022 ta shiga gidaje a Walia da kewaye. Tun dā ma masu inji da 'yan bin biki ba safai suke ba mutum nagatif ɗinsa ba.

A maƙwabta an ceci waɗansu. Samuel Fosso, wanda ya buɗe shagon hoto a Bangi a 1975 yana ɗan shekara 13, yakan cike ragowar nadin fim da hoton kansa domin ya aika wa kakarsa a Nijeriya, hotunan nan kuwa su suka sa duniya ta san shi. A watan Fabrairu 2014, cikin rikicin ƙasar, aka wawashe gidansa. Waɗansu 'yan jarida suka tarar da nagatif ɗinsa a warwatse cikin ƙura, suka tsince dubbai suka mayar masa. A Mbouda ta Kamaru, Babban Ɗakin Karatu na Ingila ya ba da kuɗi aka kwafe nagatif fiye da 40,000 na Jacques Touselle a kwamfuta, yawancinsu masu lamba 120.

Wanda ke da irin wannan kaya a gida, ya raba su da ƙasa da jikin kwano, ya sa kowane cikin takarda mai tsabta, kada ya taɓa gefen danƙo da yatsa, gama gumin hannu yana barin tabo. Da damina ya riƙa dubawa saboda fumfuna. In ya buɗe akwati ya ji wari mai tsami, ledar ce ta soma ruɓa. Sai ya ware waɗanda suka lanƙwashe daga sauran nan da nan, domin tururinsu yana kama na kusa da su, ya kuma kai su a kwafe tun hoton bai tattare ba.